Wane Ne Ke Da Izinin Ba Da Shawara, Kuma Ina Iyakar Aikinsa?

Sa'ad da damuwa ta shigo gidan masu bi, ba safai ake fara tunanin asibiti ba. Miji da matar da ba sa ga maciji da juna, saurayin da ya daina barci ya koma yin magana shi kaɗai, gwauruwar da shekara ta zagayo ba ta bar kuka ba, duka wurin fasto ake fara kai su, ko wurin dattijon ikkilisiya, ko shugabar zumuntar mata. Wannan al'ada ce mai kyau, ta kuma tsai da gidaje masu yawa da suka kai bakin rushewa. Amma a shekarun nan wasu sun shigo fagen. Akwai masu kafa allo a bakin titi a manyan birane, akwai masu shiri a rediyo, akwai kuma waɗanda ofishinsu bai wuce Facebook da WhatsApp ba, kowa yana kiran kansa ƙwararren mai ba da shawara, yana kuma karɓar kuɗi. Waɗansunsu ƙwararru ne na gaske. Waɗansu kuwa bitar kwana uku kaɗai suka halarta, aka ba su takarda mai hatimin zinariya.

Manufar wannan nazari ita ce iyalai su iya rarrabe waɗannan mutane, su san wanda doka ta ba izini, su kuma san inda izinin kowane ɗaya ya tsaya.

Takardar shaida daban, lasisi daban

Takardar shaida makaranta ce ko ƙungiya ke bayarwa, abin da take faɗa kuwa shi ne mai ita ya zauna a aji ya gama. Lasisi kuwa hukumar da doka ta kafa ce ke bayarwa, ana sabunta shi lokaci lokaci, kuma ana iya ƙwace shi. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan maganar. Wanda ya ci amanar mai neman taimako, in takardar shaida kaɗai gare shi, tana nan rataye a bangonsa har ya mutu. In kuwa lasisi gare shi, akwai inda za a kai ƙara, akwai masu bincike, akwai kuma ranar da za a ce masa ya rufe ofis.

Kowane lasisi yana da hurumi, watau ayyukan da aka yarda mai shi ya yi da waɗanda aka hana shi. Mai kemis a unguwa misali ne da kowa ya sani. Yana da lasisi daga hukumar da ke kula da harkar magunguna, amma na sayar da ƙananan magunguna ne kawai. Ranar da ya fara ɗaura wa mutane ruwa a bayan shagonsa, ya fita daga huruminsa, ko da lasisin yana manne a ƙofa. Haka nan ungozoma ta gari ba a gane ta da yawan haihuwar da ta karɓa kaɗai ba, har da saurin da take cewa a nemo mota sa'ad da naƙuda ta zo da gardama.

A fagen lafiyar hankali da damuwar zuciya ma'aikatan ba iri ɗaya ba ne, ko da yake jama'a sukan haɗa su a kwando guda. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne. A Nijeriya yakan yi shekara shida a jami'a, da shekara guda ta koyon aiki a asibiti, sa'an nan ya ƙara shekara huɗu zuwa shida na horon ƙwarewa. Hukumar likitoci ta ƙasa, wadda aka sani da MDCN, ita ce ke yi masa rajista, kowace shekara kuma sai ya sabunta lasisinsa. Shi ne ke da ikon tantance cuta, da rubuta magani, da kwantar da mara lafiya. Tare da shi akwai nas ɗin da ta yi horo na musamman kan taɓin hankali, wadda hukumar nas-nas da ungozomomi ke yi wa rajista.

Masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki a asibiti ba likita ba ne. Yakan kai aƙalla digiri na biyu, aikinsa kuwa shi ne gwaje-gwajen tunani da hali, da jiyya ta hanyar zantawa a kan tsari. Ba ya rubuta magani. Mai ba da shawara kuma, a ƙasar nan, galibi daga tsangayar ilimi ta jami'a yake fitowa, aikinsa ya fi shafar mutanen da hankalinsu yake lafiya amma rayuwa ta yi musu nauyi: zaɓen sana'a, rikicin aure, makoki, tarbiyyar matasa. (Da yake sunan aikinsa a Turance yana kama da na kansilan ƙaramar hukuma, an sha rikita su biyun, alhali ba abin da ya haɗa su.) Sai ma'aikacin jin daɗin jama'a, wanda ke bin sawun mara lafiya har gida, ya duba abinci da muhalli da makarantar yara.

Yadda abin ya kasance a Amurka

Ƙasar da ta fi daɗewa tana gwada wannan tsari a kan masu ba da shawara ita ce Amurka, saboda haka tarihinta yana da abin koyo. A can kowace jiha ce ke ba da nata lasisi. Jihar Kalifoniya ta fara ba masu shawarar aure da iyali lasisi a 1963. Sauran masu ba da shawara kuwa sai da suka sha wuya tukuna. A shekarun 1970 an kai waɗansunsu kotu a jihohin Bajiniya da Ohayo bisa zargin suna yin aikin masana halayya ba tare da izini ba. Wannan ya sa suka tashi neman dokar kansu. Bajiniya ce ta fara ba su lasisi a 1976, amma sai a 2009 jiha ta ƙarshe, Kalifoniya, ta bi sahu. Shekara 33 ke nan ana ja-in-ja. Ba za a ce dukan gardamar domin kare marasa lafiya aka yi ta ba. Akwai kishin sana'a a ciki, akwai kuma batun wanda kamfanonin inshora za su biya. Duk da haka, abin da ya fito daga ƙarshe ya amfani jama'a.

Sharuɗɗan sun ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ginshiƙansu ɗaya ne. Dole mai nema ya sami digiri na biyu a fannin. Bayan haka sai ya yi aiki a ƙarƙashin idon wani ƙwararre mai lasisi, a yawancin jihohi na awa 2,000 zuwa 3,000, abin da kan ci kimanin shekara biyu. Sai ya ci jarrabawa ta ƙasa, a kuma binciki ko yana da tarihin aikata laifi. Bayan ya samu ma, ba za a sabunta masa ba sai ya nuna yana ci gaba da ƙaro ilimi. A cikin waɗannan sharuɗɗa, wanda ya fi muhimmanci shi ne aiki a ƙarƙashin ido, shi ne kuma wanda masu bitar kwana uku ba su da shi sam. Littafi yana iya koya wa mutum alamomin tsananin damuwa, amma sai wanda ya riga shi a aikin ne zai nuna masa inda ya katse mai magana da wuri, ko inda ya ji kalma mai haɗari ya bar ta ta wuce.

Mai ba da shawara a Amurka ba ya rubuta magani a kowace jiha. Ko masana halayya masu digirin digirgir, a jihohi ƙalilan ne aka yarda musu, bayan ƙarin horo kan magunguna. Niyu Meksiko ce ta fara a 2002, Luwiziyana ta biyo a 2004.

Wata shari'a ta shata wa aikin iyaka ta wani gefen, gefen riƙon asiri. A 1969 wani ɗalibin Jami'ar Kalifoniya ya gaya wa masanin halayyar da ke duba shi cewa yana da niyyar kashe wata budurwa. Masanin ya sanar da 'yan sandan jami'a, suka tsare ɗalibin na ɗan lokaci suka sake shi, amma ba wanda ya gargaɗi yarinyar ko iyayenta. Bayan wata biyu ya kashe ta. A 1976 babbar kotun jihar ta yanke hukunci, a shari'ar da aka sani da sunan Tarasoff, cewa idan mai jiyya ya ga ran wani yana cikin haɗari, wajibi ne ya ɗauki matakin kare shi, ko da hakan zai sa asiri ya fita. Tun daga nan ƙwararren kirki yakan gaya wa mai zuwa wurinsa, a zaman farko, abin da zai riƙe da abin da ba zai iya riƙewa ba.

Ba kowace ƙasa mai arziki ce ta bi hanyar Amurka ba. A Ingila doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba. Ƙungiyoyin sana'ar ne ke riƙe da rajista, shiga kuwa ganin dama ne.

Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Masu tarihin wannan sana'a a Nijeriya sukan fara ƙirga daga 1959, sa'ad da sistocin Katolika na makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni dabam dabam domin su yi wa ɗaliban aji na ƙarshe bayani a kan sana'o'i. Watau a makarantar mishan aka haifi aikin. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa. Da farko taƙaitaccen sunanta CAN ne, daga baya aka mai da shi CASSON domin kada a riƙa rikita ta da ƙungiyar Kiristocin Nijeriya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da buƙatar masu ba da shawara a makarantu. Amma shekaru da dama ƙungiya ce kawai, ba ta da haƙoran cizo.

A 2022 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa majalisar masu sana'ar ba da shawara. Dokar ta ba majalisar ikon ƙayyade ilimin da ake buƙata, da riƙe rajistar waɗanda suka cancanta, da ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida. A ƙarshen shekarar kuma aka sa hannu a kan irin wannan doka domin ma'aikatan jin daɗin jama'a. Sai a watan Janairu na 2023 ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, mai asali tun daga dokar Turawan mulki ta 1916. Tsohuwar dokar ta fi damuwa da yadda za a tsare mutum. Sabuwar ta ɗauke shi a matsayin mara lafiya mai haƙƙi: a nemi yardarsa, a riƙe asirinsa, kada a azabtar da shi ko a wulaƙanta shi, kada kuma a kwantar da shi dole sai bisa ƙa'ida.

Rubuta doka abu ɗaya ne, kai ta ƙauye wani abu ne dabam. Likitocin ƙwaƙwalwa da kansu sun sha bayyana cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma a birane suke. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwayoyi a cikin shekara guda. Ga kuma dubban da rikice-rikicen Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai da arewa maso gabas suka bar wa rauni a zuciya. Ko da kowane mai lasisi zai yi aiki dare da rana, ba za su isa ba. Saboda haka ba mai hankalin da zai ce fastoci da dattawa su janye hannu. Abin tambaya shi ne inda ya kamata hannun ya tsaya.

Hurumin fasto da dattawa

Fasto ba ya buƙatar lasisin gwamnati kafin ya yi kiwon garkensa. Ta'aziyya, addu'a, koyarwa kafin aure, sulhu tsakanin 'yan'uwa, tsautawa cikin ƙauna, duka aikinsa ne, ikkilisiyar da ta naɗa shi ce kuma ke da ikon tuhumarsa. Ko a Amurka dokokin lasisi sun keɓe ma'aikatan addini, muddin suna aiki a cikin hidimarsu.

An gwada wannan a kotu. A 1979 wani saurayi mai shekara 24, Kenneth Nally, wanda fastocin ikkilisiyar Grace Community a Kalifoniya suka daɗe suna ba shi shawara, ya kashe kansa. Iyayensa suka kai ikkilisiyar ƙara, suna cewa fastocin sun yi sakaci. An yi shekara takwas ana shari'a. A 1988 babbar kotun jihar ta wanke ikkilisiyar. Ta lura cewa saurayin ya ga likitoci, fastocin ma sun ƙarfafa shi ya gan su, ta kuma ce ba za a ɗora wa mai ba da shawara na addini nauyin da doka ta ɗora wa asibiti ba. Hukuncin ya kare 'yancin ikkilisiya, wannan kuwa daidai ne. Sai dai akwai darasin da bai kamata a ɓata ba. Tun da kotu ba za ta shata wa fasto iyaka ba, ya zama dole shi da ikkilisiyarsa su shata da kansu, gama inda babu hukumar da za ta ƙwace lasisi, lamiri ne kaɗai ya rage.

Akwai alamomin da in an gan su, maganar ta wuce ofishin fasto. Mutumin da ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya fara rarraba kayansa yana yin bankwana. Wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya tabbata ana bin sa za a kashe shi. Wanda ya yi kwanaki bai runtsa ba amma ƙarfi sai ƙaruwa yake yi, yana ɓarnar kuɗi, yana surutu ba tsayawa. Mai jegon da ta rikice cikin makonnin farko, ta ƙi jaririnta. Wanda ya bar giya ko ƙwaya farat ɗaya jikinsa ya kama rawa. Rikicewar da ta zo tare da zazzaɓi kuwa ta gaggawa ce, domin tana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, jinkirin kwana guda yana iya cin rai. A irin waɗannan, a yi addu'a, a kuma nemi mota a lokaci guda. Musa ma, kamar yadda Fitowa sura 18 ta nuna, ya karɓi shawarar surukinsa Yetro cewa kada mutum ɗaya ya ɗauki kowace irin shari'a.

Abu biyu ne suka fi jawo ɓarna. Na farko shi ne a ce wa mara lafiya ya zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya. Magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali ba a yanke su kwatsam. Ciwon yakan dawo da ƙarfi fiye da dā. Wanda bai rubuta magani ba, ba shi da ikon dakatar da shi. Na biyu shi ne ɗauri. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wurare da yawa a Nijeriya, ta kuma ambaci asibitocin gwamnati, da gidajen masu maganin gargajiya, da cibiyoyin Musulmi da na Kirista. Wannan abin kunya ne da ba a wanke shi da cewa wasu ma suna yi.

Haka kuma fyaɗe, da lalata da yara, da dukan da ya kai ga rauni, laifuffuka ne a gaban doka, ba saɓanin iyali ba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, a jihohin da suka karɓe su, sun yi magana a kansu. Majalisar dattawa ba ta da hurumin rufe irin wannan magana da sunan gafara. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ba a cika ɗauka laifi ba: abin da mace ta faɗa cikin hawaye ranar Talata ya fito a matsayin batun addu'a ranar Laraba, ko misalin wa'azi ranar Lahadi. Ba a ambaci suna ba, amma a ƙaramar ikkilisiya kowa ya gane. Da mai lasisi ne ya yi haka, da ya fuskanci hukunci.

Iyakar tana aiki ta ɗaya gefen ma. Ƙa'idar sana'a ta hana mai ba da shawara tusa wa mutum ra'ayinsa na addini ko na rashin addini. Wanda ya yi wa bangaskiyar mara lafiya ba'a, ko ya hana shi zuwa sujada ba da wani dalili na jiyya ba, shi ma ya tsallake huruminsa.

Haɗa hannu tsakanin ɓangarorin ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana. A Itumbauzo ta Jihar Abiya kuma, cibiyar Amaudo da ke da alaƙa da ikkilisiyar Methodist ta yi fiye da shekara 30 tana ɗauko masu taɓin hankali daga kan titi, ana yi musu jiyya da magani da koyon sana'a da sujada, sa'an nan a mai da su gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kowane hannu da gefen da yake riƙewa.

Kafin iyali su miƙa kansu

Ba rashin ladabi ba ne a tambayi wanda zai ji asirin gida inda ya yi karatu da abin da ya karanta, da hukumar da ta yi masa rajista, da wanda yake duba aikinsa. Ƙwararre na gaske ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Tambayar da ta fi tona gaskiya ita ce a ce masa ya faɗi irin matsalar da ba ya karɓa, da inda yake tura ta. Wanda ya amsa cewa babu abin da ya fi ƙarfinsa, daga rashin haihuwa har zuwa hauka, a yi masa godiya a tashi. Haka nan wanda ya yi alkawarin warkewa cikin kwana bakwai, ko yake sayar da magani alhali ba likita ba ne, ko ya nace sai ya ga matar aure ko budurwa a ɗakin otal ko da dare.

Zai yi kyau kowace majalisar ikkilisiya ta rubuta, tun kafin buƙata ta taso, sunan asibiti mafi kusa da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwa da ranakun da ake ganin likita. Gwamnatin tarayya tana da asibitoci na musamman a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Yaba a Legas, da Aro, da Benin, da Inugu, da Kalaba, asibitocin koyarwa na jami'o'i kamar na Jos da Zariya kuma suna da sashen wannan aiki. Ranar tafiya, a sami wanda ya san farkon ciwon ya raka mara lafiya, a kuma tafi da dukan magungunan da yake sha, har da na gargajiya, cikin kwalayensu.